Tsamiya: Gizakar da Ke Yi wa Babbar Riga Ado

Ranar bikin Damba a Yendi, idan jama'a suka cika ƙofar fadar Gbewaa, ido yakan fara sauka ne a kan batakari, rigar saƙin Dagwamba mai buɗewa kamar laima idan mai ita ya juya cikin rawa. Can gefe kuwa, inda malamai da dattawan zango ke zaune, babbar riga ce ke da fili. Mafi yawa shadda ce da aikin keke. Amma jefi-jefi akan ci karo da tsohuwar riga ta gado, wadda aka ciro daga ƙasan adaka, mai ɗinkin hannu, aska takwas shimfiɗe daga kafaɗa har aljihu. Wanda ya matsa kusa zai ga zaren aikin bai kai fari ba, bai kuma kai ruwan ƙasa ba. Yana da ɗan kaushi a hannu, ƙyallinsa a kwance yake, ba ya kashe ido. Sunan wannan zare tsamiya.

Mutane da yawa, har cikin masu irin wannan riga, sun ɗauka daga jikin itacen tsamiya ake samunsa, kamar yadda rimi ke ba da audugarsa. Itacen masauki ne kawai. Mai zaren wata tsutsa ce mai gashi, irin wadda Bahaushe ke kira gizaka, wadda yara ke gudu, manya kuma ke kai wa wuta idan suka gan ta ta yi cincirindo a jikin bishiya. Ita ce ke yin silikin ƙasashenmu, kuma dajin da ya kewaye Yendi, mai doka da tsamiya da kirni da kaɗanya, irin dajin da take rayuwa a cikinsa ne.

Rigunan tsamiya sun san hanyar Yendi tun da daɗewa. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro kan tashi daga Kano, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su yada zango a Yendi kafin su ƙarasa Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Tafiya ce ta watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne kan gaba a wannan fatauci, kuma a kayan jakunansu, ban da kanwa da jar fata da gabu, akwai turkuɗi da manyan rigunan Kano da na Nupe masu aiki. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji, amma zangunan Hausawa sun zauna daram a Yendi da Bawku da Salagar kanta, da harshensu da suturarsu.

A wancan zamani siliki iri biyu maɗinka suka sani. Akwai alharini, jan silikin da ake kawowa ta Sahara daga Tarabulus, wanda Heinrich Barth ya tarar ana cinikinsa a Kano a 1851. Shi daga tsutsar gida yake fitowa, wadda mutanen Sin suka fara kiwo shekaru dubbai da suka wuce. Sai tsamiya, wadda ba mai kiwonta, ba mai ba ta ganye. Daji ke bayarwa.

Masana ƙwari sun sanya wannan halitta a jinsin da suka kira Anaphe da ɗan'uwansa Epanaphe, kuma a Afirka kudu da Sahara ake samunsu. Huɗu ne suka fi suna: Anaphe panda, wadda tsofaffin littattafai ke kira infracta, da Anaphe reticulata, da Anaphe venata, da Epanaphe moloneyi. Ta ƙarshen ta sami sunanta ne a 1887 daga Alfred Moloney, gwamnan Legas na lokacin, wanda ya yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau kafin a kai shi can. Tun kafin wannan suna, Hausawa sun riga sun rarrabe su ta hanyar itacen da ake tsintar gidansu, shi ya sa ake jin tsamiyar doka da tsamiyar tsamiya. Wannan rabo yana da tushe mai ƙarfi, domin kowace iri da itatuwan da take ci. Moloneyi ta fi son doka. Panda tana bin dangin kirni. Venata kuwa ta dazuzzukan kudu ce, inda take zagwanye ganyen wawa, babban itacen katakon nan da Yarabawa ke kira arere, har masu kula da gandun daji a Ghana suna lissafa ta cikin ƙwarin da ke yi musu ɓarna.

Rayuwarta da ruwan sama take farawa. Idan damina ta kankama, uwar takan sami bayan ganye ta jera ƙwai da yawa wuri guda, sannan ta goga gindinta a kansu. A ƙarshen cikinta akwai tuntun gashi mai ruwan zinariya, shi take tsigewa ta lulluɓe ƙwan, ya zama musu bargo, ya kuma hana tururuwa kusanta. Aikinta ya ƙare ke nan. Bakinta bai ginu don cin abinci ba, da kitsen da ta tara tun tana tsutsa take rayuwa, kwanaki kaɗan ta mutu.

'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe ba sa rabuwa. Tare suke ci, tare suke kwana, tare suke yin saɓa duk lokacin da fata ta yi musu kaɗan. Da rana sukan dunƙule a jikin kututture ko ƙarƙashin reshe, kamar an manna wa itacen tsumma mai gashi. Da yamma ta yi sai tafiya ta tashi. Ɗaya ta wuce gaba, ta biyu ta sa kanta a wutsiyar ta farko, ta uku ta bi, har a sami layi mai tsawon taku da yawa yana hawa bishiya ba tare da ya yanke ba. Kowace tana tafe tana sakin siririn zare daga bakinta, don haka inda suka saba bi yakan yi wata farar hanya mai sheƙi a jikin ɓawo, wadda ake iya gani da sassafe idan raɓa ta sauka a kanta. Duk wanda ya taɓa jin yadda madugu ke jan ayari daga Kano zuwa Gwanja, jaji na gaba, jakuna na biye ɗaya bayan ɗaya, ba zai kalli wannan jeri bai tuna ba. Kuma wannan tafiya ita ce alama ta farko, mafi sauƙi, ta gane tsutsar tsamiya.

Bayan wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, suna cin ganye, sai su daina. Su zaɓi wuri, ko dai tsakanin rassa biyu, ko kogon itace, ko jikin kututture, su fara saƙa a tare. A nan ne suka bambanta da tsutsar silikin Sin, wadda kowace ke naɗe kanta ita kaɗai. Su waɗannan gida ɗaya suke ginawa na gandu. Da farko su yi bangon waje, mai kauri da tauri kamar takardar buhun siminti. A cikinsa akwai wani shimfiɗi mai laushi. A can tsakiya kuma kowace tsutsa ta saƙa ɗan ɗakinta, ta shige, ta rikiɗe ta zama wani abu mai kama da ƙwallon dabino. Gida ɗaya yana iya ɗaukar tsutsa gommai, wani ɗaruruwa, girmansa daga dunƙulen hannu zuwa ƙwaryar shan fura. Na panda kamar jaka yake, mai launin ƙasa-ƙasa ja. Na moloneyi ya fi kwanciya a jikin itace, ɗakunan a jere suke a matse da juna, kuma ya fi haske. A cikin wannan gida suke shafe kaka da hunturu da bazara, ba motsi, har sai ruwan wata shekara ya sauka.

Abin da ke fitowa a lokacin bai da wani kwarjini. Malam-buɗe-littafin dare ne matsakaici, faɗinsa idan ya buɗe fukafukai bai wuce santimita 4 zuwa 6 ba. Yadda ake raba shi da na rana shi ne wajen zama: na rana yakan haɗe fukafukansa sama kamar an rufe littafi, wannan kuwa sai ya sauke su bisa bayansa kamar jinkar ɗaki. Launinsa fari ne mai ruwan madara, an ja masa layuka masu ruwan ƙasa mai duhu, cikinsa kuma ruwan ɗorawa ne ko na zinariya. Ƙahonninsa biyu baƙaƙe ne masu haƙora kamar matsefi, na namiji sun fi faɗi. A tsarin layukan ne ake gane wane ne wane. Na reticulata sun sassarƙe kamar raga. Na panda manyan layuka biyu ne da suka gitta fiffiken suna neman haɗuwa ta ƙasa. Venata kuwa jijiyoyin fiffikenta ne suka fito ɓaro-ɓaro, kamar an bi su da alƙalami, sai layi guda da ya ratsa su. Hasken fitila yana janyo su, don haka bangon shago ko na masallaci da aka bar ƙwan lantarki a kunne, a farkon damina, wuri ne mai kyau na dubawa da asuba.

Akwai maƙwabta biyu a wannan daji da ake yawan rikita su da tsamiya, kuma kowanne ya cancanci a san shi.

Na farko shi ne wanda ya fi kowa kyau, Epiphora bauhiniae. Wannan ƙato ne, ya fi tafin hannun babba faɗi. Fukafukansa ruwan makuba ne da fari, a tsakiyar kowane fiffike akwai taga wadda ba ta da launi ko kaɗan, idan aka ɗaga shi sama ana hango hasken rana ta cikinta kamar ta gilashi. A ƙarshen fiffiken gaba akwai ɗigo baƙi mai kama da ido. Ɗan'uwa ne ga Attacus atlas na kudu maso gabashin Asiya, wanda ke cikin mafiya girma a duniya. Tsutsarsa ba gizaka ba ce, ƙatuwa ce mai launin kore da fari-fari, da 'yan ƙusoshi masu launi a bayanta, kuma ganyen magarya da kurna take ci. Ita kaɗai take saƙa gidanta, ta rataye shi a reshe da igiyar siliki, kamar ɗan ƙaramin zunguru mai ruwan toka. Da rani, idan magarya ta kaɗe ganye, ana ganinsa yana lilo. Silikinsa na gaske ne, sai dai tara shi ɗaya-ɗaya a cikin ƙaya aiki ne mai cin rai, shi ya sa bai taɓa kama ƙafar tsamiya a kasuwa ba.

Na biyu kowa a Dagbon, ƙasar Dagwamba, ya san shi, ko da bai san sunansa na boko ba, Cirina butyrospermi. Ita ce tsutsar kaɗanya, baƙa mai zanen ruwan ɗorawa, wadda ke bayyana a tsakiyar damina ta cinye ganyen kaɗe tas, har mutum ya ji kashinta na zuba ƙasa kamar yayyafi. A rubuce tana cikin dangin manyan masu siliki, dangi ɗaya da mai tagar nan, amma ba ta saƙa komai. Idan ta ƙoshi sai ta sauko ta shige ƙasa a gindin itacen. Amfaninta a tukunya yake: ana tafasa ta, a shanya, a soya ko a sa a miya, kuma fiye da rabin nauyin busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, inda ake kiranta shitumu, kasuwarta babba ce.

Sanin wannan bambanci ya wuce sha'awa, domin ya shafi lafiya. Tsutsar Anaphe ma ana ci a wasu wurare, kuma ta taɓa jawo abin da ya ɗaure wa likitoci kai shekara da shekaru. A 1958 aka fara ba da rahoton wata cuta a yankin Ilesha ta ƙasar Yarabawa: duk damina, tsakanin Yuli da Satumba, sai mutane su kama makyarkyata bayan cin abinci, tafiya ta gagara, harshe ya yi nauyi. A 1993 Bola Adamolekun, likitan jijiyoyi a jami'ar Ile-Ife, ya danganta abin da cin gasasshiyar tsutsar Anaphe venata, wadda lokacin fitowarta kasuwa ya yi daidai da lokacin cutar. A shekarar 2000 masu bincike daga Japan suka tabbatar da cewa a jikin ƙwaron akwai wani sinadari mai rusa bitamin B1, wanda zafin girki ba ya kashe shi da sauƙi. Wanda abincinsa dama rogo ne zalla, jikinsa na ƙarancin wannan bitamin, shi abin ya fi kayarwa, kuma da an ba shi bitamin ɗin yakan miƙe. Don haka tsutsa mai gashi, mai tafiya a jere, mai gidan gandu, ta zare ce, a bar ta a can.

Gashin nata ma abin kiyayewa ne. Yana da ƙaiƙayi irin na karara, kuma yana nan maƙale a cikin gidan ko bayan masu shi sun fita. Masu sana'ar sukan fara jiƙa gidajen kafin su yage su, don kada gashin ya tashi ya shiga ido da maƙogwaro.

Daga nan aikin na mata ne, kuma aiki ne na haƙuri. Ana zazzage ƙwanson tsutsa da dattin ciki, a zuba silikin a tukunya da ruwan toka mai ƙarfi, a yi ta dafawa sa'o'i. Dalili shi ne tsutsar da wani irin danƙo take manne zarenta, kuma sai toka ta narkar da shi zaren ke saki. Abin da ya shiga tukunya da tauri kamar fata, sai ya fito laɓa-laɓa. A wanke shi ruwa bayan ruwa, a shanya, sannan a zauna a tsettsefe shi da yatsu har ya yi kama da auduga da aka shiɓa. Sai mazari. Mai kaɗi ta dangwali alli, ta murza, zare na fitowa a hankali, wani wuri siriri, wani wuri da ɗan ƙulli. Silikin Sin warware shi ake yi, domin ɗaki ɗaya zare ɗaya ne mai tsawon ɗaruruwan mitoci. Na tsamiya ya sarƙe da na 'yan'uwa, ba ya warwaruwa, dole sai an kaɗa. Ba ya kuma shan baba da sauƙi, shi ya sa aka fi barinsa da launin da Allah ya ba shi. Tsofaffin rahotanni daga Najeriya sun nuna wata dabara: a kwashe tsutsar gab da za ta fara saƙa, a rufe ta cikin ƙwarya inda ba haske, sai silikin ya fito fari.

Wannan rashin warwaruwa, da ake gani kamar nakasu, shi ne babban alherin tsamiya. Mai kiwon tsutsar Sin sai ya kashe ta da zafi tun tana ciki, don kada ta huda ɗakin ta tsinke zaren. Mai tsamiya ba ya bukatar haka. Gidan da masu shi suka riga suka fita yana ba da zare kamar wanda suke ciki.

Ba Hausawa kaɗai suka san darajarta ba. Yarabawa suna saƙa ta su yi sanyan, wanda suke ɗauka a matsayin uban tufafi, kuma masana da dama na ganin daga kalmar tsamiya sunan ya samo asali. Nufawan Bida sun yi suna da ita a riga. Dogon na Mali da Marka na yankin Safane a Burkina Faso suna saka ta a zanen mata na alfarma. Turawa ma sun yi kwaɗayinta. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a daidai shekarun da Yendi ke hannun Jamus bayan yaƙin Adibo na 1896 da rabon Dagbon na 1899, Jamusawa sun kafa kamfani a Bukoba, bakin tafkin Victoria, don tara silikin Anaphe, Ingilishi kuma suna gwada samfurinsa a Landan. Ba wanda ya yi nisa a cikinsu. A zamaninmu cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi ta yi aiki da manoman gefen dajin Kakamega a Kenya, inda aka riƙa rufe rassan da tsutsar ke ci da raga. Hakan ya rage ɓarnar tsuntsaye da ƙudaje da zanzaron da ke yi mata ƙwai a jiki, tsutsa da yawa ta kai ga saƙa. Dabara ce mai arha, ba abin da zai hana a gwada ta a kan doka.

Abin takaici shi ne yau yawancin abin da ake sayarwa da sunan tsamiya ko sanyan auduga ce da aka rina, ko zaren roba. Masu kaɗi sun tsufa, 'yan mata ba su gaje su ba. Dajin ma yana ja da baya. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanyar Yendi zuwa Tamale daga itatuwa suka fito, kuma wutar da ake cinna wa daji kowane rani tana zuwa ne daidai lokacin da tsutsar ke kwance cikin gidanta, ba ta da ƙafar gudu. Ga maganin feshi da ya shiga kowace gona. Kaɗanya da ɗorawa suna da masu kare su saboda kowa ya san kuɗin da ke jikinsu. Doka da kirni ba su da mai tsaya musu, alhali a kansu ne zaren da ya fi kowane daraja a ƙirjin riga yake samuwa.

Saboda haka manomin da ya tarar da jakar tsamiya a gonarsa, a wajen Yendi ko Salaga ko Bawku, kada ya kai mata wuta. Ya share ciyawar gindin itacen don kada gobara ta hau, ya hana yara jifanta, ya bar ta har ruwan farko ya sauka. Idan ya ɗaga ta ya ji ta yi sakayau, masu gida sun tashi. A lokacin sai ya cire ta da tsumma a hannu, ya jiƙa ta, ya nemi tsohuwar da har yanzu ke da mazari a zango ya kai mata.